Almakashin Mai Turi: Yadda Fim Ke Isowa Shanga a Datse

Duk wanda ya ratsa kasuwa a ƙasar Yawuri, ta Yelwa ce ko ta Wara ko ƙananan kasuwannin ƙauyukan Shanga, ya san rumfar mai turi ko da bai taɓa zama a bencinta ba. Tebur ne guda, da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ƙura ta dusashe haruffan madanninta, da katakon soket cike da wayoyin da aka kawo caji, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, sai ƙaramin janareto yana tari a bayan zana, ko farantin sola a kan rufi. Saurayi zai zo ya ɓalle bayan wayarsa, ya zaro memori, ɗan abin da bai fi farcen ɗan yatsa ba, ya ce a zuba masa fassarar Indiya biyu da na Hausa ɗaya da waƙoƙi. Sau da yawa yakan biyo da sharaɗi: "Malam, wanda ya cika fuska za ka sa min, ban da mai baƙi sama da ƙasa." Mai turi ba ya musu, ciniki yake nema. Wannan sharaɗi da ake gindayawa a tsaye ana lissafin canji ya girmi mai faɗarsa da mai jinsa, domin asalinsa yana komawa 1953, kuma shi ya riƙa yanke yawan abin da mutanen bakin Tafkin Kainji suka gani a kowane fim da ya iso musu. A ganina datse hoto ya fara ne da larura mai hujja, ya zama sabo bayan larurar ta kau, yanzu kuma sabon ya juyo kan finafinanmu da kaset-kaset ɗin bukukuwanmu, waɗanda ba su da wani kwafi a ajiye a wata ƙasa.

Kowane hoto mai motsi yana da fasali, wato yadda faɗinsa yake in an gwada shi da tsayinsa. Fasalin farko da duniya ta saba da shi ya fito ne daga ɗakin gwaje-gwajen Thomas Edison a Amurka, inda W. K. L. Dickson ya tsara fim mai faɗin milimita 35 a farkon shekarun 1890: kamu huɗu a kwance, kamu uku a tsaye, abin da ake rubutawa 4:3. Da sauti ya shigo an ɗan taɓa shi a 1932, amma a ido bai sauya ba. Da wannan fasali fim ya shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ɗaya gidajen silima na birni, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Ɗayar kuwa majigi, motar gwamnati mai zagaya larduna, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna finafinan tsafta da noma irin su Baban Larai, mai bayani na tsaye da lasifika. Ga garuruwan da layin dogo bai bi ta kansu ba, kamar na masarautar Yawuri, ƙofa ta biyun ce ta fi kusa. A wancan zamani ba abin da ake datsewa, yadda kyamara ta ɗauka haka ƙyalle ke nunawa. Talabijin ma da ya zo, Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, fasalin nan ya gada.

Tsoro ne ya kawo rikicin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talabijin ya zaunar da Amurkawa a gida, kujerun silima suka fara zama wayam, sai kamfanoni suka shiga neman abin da akwatin falo ba zai iya ba. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fitar da The Robe da dabarar da ya kira CinemaScope: gilashin kyamara ya matse faffaɗan fili ya cusa shi cikin siririn fim, wani gilashin a bakin na'urar haskawa ya sake buɗe shi a kan allo. Daga baya ma'aunin ya tsaya a wajen 2.35 a kwance ga kowane 1 a tsaye, faɗi ya ninka tsayi sau biyu da ɗoriya ke nan. Indiya ta karɓa da Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt a 1959, kuma daga shekarun 1970, zamanin Sholay na 1975, faffaɗan allo ya riƙa zama ruwan dare a Bombay. Haka ma finafinan faɗa na Hong Kong, waɗanda muke kira Canis. Masu shirya su sun ci moriyar faɗin sosai: jarumi a ƙarshen dama, jaruma a ƙarshen hagu, 'yan rawa a jere tsakaninsu, ko kuwa jarumi a tsakiya, yaran bos sun kewaye shi ta kowane gefe. Wanda ya kalla a silimar Plaza ko El Dorado ko Orion a Kano ya ga duk wannan. Na Shanga bai gani ba, domin kafin faffaɗan fim ya iso bakin kogi sai da ya bi ta cikin kaset.

Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, don akwatin talabijin aka yi shi, akwatin kuwa 4:3 ne. To, yaya za a shimfiɗa doguwar tabarma a ƙaramin ɗaki? Ko a rage hoton gaba ɗaya har faɗinsa ya shiga, a bar baƙin fili sama da ƙasa. Ko a matse shi ta gefe, mutane su koma dogaye sirara kamar sillen kara. Ko a cika akwatin, a yanke dama da hagu. Lissafin ta ukun ba wuya: 1.33 a cikin 2.35 kashi 57 ne cikin 100, sauran 43 sun faɗi ƙasa. Ita aka fi bi, sai dai a farkon fim, inda ake rubuta sunaye, akan bi ta biyu don kada haruffa su guntule. Shi ya sa waɗanda suka yi kallon bidiyo a shekarun 1980 za su tuna yadda jarumi kan fito zanƙalele a minti biyun farko, dokinsa kamar raƙumi, sannan kwatsam kowa ya koma daidai. A Canis kuwa sai ka ga ƙafa ta shigo daga wajen allo ta hauri mutum, ba a ga mai ita ba, rubutun fassarar da ke ƙasa kuma ba kai ba gindi. Kaset ɗin da ke isa Yelwa jika ne ko tattaɓa-kunne: an kwafe shi a Dubai ko wani wuri, an sake kwafa a Ƙofar Wambai a Kano, kasuwar da Brian Larkin ya yi nazarinta a littafinsa Signal and Noise na 2008, sannan ya hau mota ya biyo ta Kwantagora ko ta Jega da Koko. Kowane kwafi na rage kala da kaifi, amma yankan gefe tun a tushe aka yi shi.

Adalci ya sa a ce masu yankan suna da hujja a lokacin. Ɗauki gidan kallo a ƙauye: shago ko zagayen zana, benci biyar ko shida, akwati mai inci 14 ko 20 a kan tebur, janareto a waje, duk da madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana can ƙasan tafkin tana aika wuta birane masu nisa. Da an bar baƙi sama da ƙasa, da hoton ya koma ɗan ziri da bai wuce rabin akwati da kaɗan ba, na bencin baya ba zai bambance Amitabh Bachchan da Dharmendra ba, kuma wanda ya biya kuɗin shiga zai rantse akwatin ne ya lalace. Daga nan ido ya ɗauki karatu: cikakken allo shi ne cikakken fim, baƙin layi naƙasa ne. Alhali mai baƙin layin ne ya iso da kayansa cif.

A cikin wannan akwati aka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano ya fito a 1990, shekara guda kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi. Da kyamarar bidiyo aka ɗauke shi, don talabijin, haka Gimbiya Fatima, haka Sangaya na 1999 da Wasila na 2000, da ɗaruruwan da suka biyo baya lokacin da sunan Kannywood ya fara kama baki. Waɗannan sun iso ƙauyukan bakin ruwa ba a rage musu komai ba. Fasalin kuma ya dace da rayuwar da suke nunawa, ko da masu ɗaukar ba su zauna sun shawarta hakan ba, domin zaman Bahaushe daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi. Sarki na kan karaga, fadawa na ƙasa. Uba na kan kujera, ɗa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya tsuguna. Amarya ta durƙusa gaban surukarta ta ajiye kwano, kai a sunkuye. Rawani mai kunne biyu da karin hula da ɗaurin ɗankwali suna saman hoto suna faɗin matsayin mutum, tabarma da takalmi da gwiwa suna ƙasa suna faɗin ladabinsa, kuma akwati mai ɗan tsayi yana ɗauke duka biyun a tashi ɗaya.

Matsewa irin ta kwamfuta ta shigo da faifan VCD, wanda Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da tsarinsa a 1993, ya kuma mamaye kasuwannin Arewa a shekarun 2000. A nan hoto ya koma ɗigo-ɗigo masu ƙirguwa, 352 a kwance, 288 a tsaye, a tsarin PAL da Najeriya ke bi, faifai ɗaya kuma ba ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim ɗin Indiya mai sa'a uku ke zuwa a faifai uku. Akwai tarko a cikin waɗannan lambobi da ya kama masu kwafi da yawa. In ka raba 352 da 288, 11:9 za ka samu maimakon 4:3, saboda ɗigon VCD ya ɗan fi faɗi a kan tsayi, na'urar kallo ce ta san yadda za ta buɗe shi. Ɗigon kwamfuta kuwa faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, in mai juyawa bai gyara mata lissafi ba sai ta nuna kowa ya rame da kusan kashi 8 cikin 100. Tarkon DVD, mai ɗigo 720 da 576, ya fi wannan girma: yana iya ajiye faffaɗan fim a matse, da 'yar alama a ciki mai umartar na'ura ta buɗe shi, in alamar ta salwanta wajen kwafi an koma zamanin doki kamar raƙumi. Faya-fayan nan na ashirin-cikin-ɗaya da suka cika kasuwa sukan tara duk waɗannan kurakurai a faifai guda.

Wayar GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, amma sai da ƙananan wayoyin China masu ramin memori suka yi arha, wajen ƙarshen shekarun 2000, fim ya sauka daga tebur ya shiga aljihu. A nan aka haifi sana'ar turi da kalmar da ta zo da ita, kombatin, wato juya fim zuwa 3GP ko MP4 da manhaja irin Format Factory. Ga masuncin da zai kwana uku a tunga inda ba wuta ba sabis, ko manomin albasa a gungu, ko matar aure a cikin gida, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kallo ya daina buƙatar benci da janareto. Da ɗigo aka biya kuɗin wannan sauƙi. Ƙaramin 3GP yana da 176 a kwance da 144 a tsaye, jimilla 25,344, rubu'in na VCD, wajen ɗaya cikin 16 na DVD. In aka zuba faffaɗan fim ɗin Indiya a ciki ba a yanke ba, layi 75 kacal zai samu a tsaye, fuskar jaruma ba za ta kai ƙwayar wake ba. Sai almakashi ya sake fitowa, da hujja irin ta gidan kallo.

Ya kamata a raba abu biyu da ake kira da suna ɗaya, yanke baƙin fili da yanke hoto. Na farko aikin gwani ne. Manhajojin matse bidiyo na dangin MPEG suna rarraba hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 a kwance 16 a tsaye, suna gwada kowane gida da na hoton da ya gabata, su adana bambancin kawai. Shi ya sa lambobin nan duk suke rabuwa da 16: 352 gida 22 ne, 288 gida 18, 176 gida 11. Baƙi zalla ba ya cin wuri sosai. Mai cin wuri ita ce iyakar da ke tsakaninsa da hoto, kaifin layin nan da ke tsaye cak alhali abin da ke jikinsa yana motsi. Tana rikita lissafi, tana cinye rabon da ya kamata ya tafi ga fuska da ido, balle in ta faɗa tsakiyar gida. Saboda haka ƙwararre yakan share baƙin tas, ya ajiye hoton da fasalinsa na asali, ya bar waya ko talabijin su sa nasu baƙin lokacin kallo, wanda ba ya cin komai a memori. Wannan bai rage wa fim ko ɗigo ba. Abin da ya zama al'adar rumfa shi ne na biyun, ko wanda ya fi shi muni: a bar tsohon baƙi a cikin fayil, manhaja ta ƙara sabo a gefe, hoto ya koma tsibiri a tsakiyar duhu, sannan wani ya zo ya zuƙo shi ya sake yankawa.

Sai lamari ya juya. Tun 1984 wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya ba da shawarar 16:9 a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsohon akwati da faffaɗan allon silima, kuma shi aka ɗauka don talabijin na zamani. YouTube ya koma kansa a 2008, talabijin ɗin bango da muke kira filasma da manyan wayoyin Android suka biyo, finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So duk a kansa ake ɗaukarsu. Fim ɗin Indiya ya samu sauƙi, baƙin layinsa ya ragu. Tsohon fim ɗin Hausa kuwa ya wayi gari baƙo a gidansu, yanzu shi ne mai baƙi, dama da hagu. Idon da aka shekara talatin ana koya masa ƙin baƙi bai tsaya tambaya ba. Ko a ja hoton ta gefe, kowa ya ƙara ƙiba da sulusi, faranti ya koma fasalin ƙwai, ko a zuƙo shi a yanke sama da ƙasa, kashi 25 cikin 100 ya tafi. Kuma daidai inda ma'ana take yankan ke faɗawa. Sarki ya rasa rabin rawaninsa. Yaron da ya tsuguna gaban mahaifinsa ya koma kai kawai yana leƙowa daga ƙasan allo, ba gwiwa, ba takalmin da ya tuɓe, har mai kallo na yau ba zai iya cewa a tsugune yake ko gajere ne ba. Sunayen da aka rubuta a ƙasa, na mai ɗaukar hoto da mai kiɗa, sukan tafi tare da su.

Na baya-bayan nan shi ne hoton tsaye, 9:16, na TikTok da sitatus ɗin WhatsApp. In aka cika wayar da ke tsaye da fim mai 16:9, abin da ke saura bai kai sulusi ba. Haɗa lissafin ka gani: tsohon fim ɗin Hausa da aka yanka don YouTube, aka sake yanka don TikTok, bai kai rubu'in kansa ba. Na Indiya da ya fara bi ta kaset, kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ne ya tsira. Mutanen Yawuri sun fi kowa dalilin damuwa da wannan, domin ƙasarsu a kwance take. Tafkin ya haura kilomita 130 a tsawo, kwalekwale dogo ne, taru dogo ne, jerin matuƙa a gasar Rigata dogo ne. Abin kallo a tseren jirage shi ne tazarar da ke tsakanin na gaba da mai bi masa, da yadda filafilai ke sauka a ruwa lokaci guda daga goshin jirgi zuwa wutsiyarsa. Hoton tsaye zai ba ka matuƙa uku, da sama mai yawa, da ruwa mai yawa, amma ba zai gaya maka wa ke gaba ba.

Za a ce wannan damuwar 'yan boko ce. Mai kallo labari yake bi da waƙa, kuma karɓuwar fassarar Algaita da takwarorinta, inda muryoyi kaɗan ke ɗauke da fim sukutum, ta nuna kunne ya fi ido aiki a kallonmu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba mai hana mutum ya ja hoton wayarsa yadda ya ga dama, wayarsa ce, kuɗinsa ne. Amma mai kallo da ya cika fuska da yatsunsa biyu zai iya warware abin cikin daƙiƙa, mai juyawa da ya yanke a cikin fayil ya yanke ke nan har abada. Cewa mai kallo bai damu ba kuwa hujja ce mai rauni, tunda ba a taɓa nuna masa abin da aka cire ba. Wanda aka saba auna wa hatsi da mudu mai lotsattsen gindi ba ya ƙorafi sai ranar da ya ga lafiyayye. Larurar ma ta kau. Memori mai gigabayit 32 yana ɗaukar finafinai masu yawa da fasalinsu, fuskar waya mai arha a yau ta fi DVD yawan ɗigo, sabo ne kawai ya rage.

'Yan fim kuma za su ce ai masu turi satar fasaha suke yi, su suka durƙusar da kasuwar faifai a Ƙofar Wambai da Bata, neman su kyautata aiki kamar roƙon ɓarawo ne ya ninke kayan da ya ɗauka da kyau. Kukan haƙƙin mallaka kuka ne na gaskiya. Sai dai ko an so ko an ƙi, fim da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000 a rumbun kwamfutar mai turi kaɗai za ka same su yau, domin kamfanoni sun watse, wasu masu su sun rasu, kaset ɗin asali da suke kira masta ya ɓace a ƙaura ko ya lalace. Kuma ba mai turi kaɗai ke riƙe da almakashi ba. Akan ga tsohon fim a shafin masu shi an ja shi ko an datse, wai don ya yi kama da sabo.

Akwai kuma mai kwantar da hankalinsa da cewa na asali yana nan a wani wuri. Ga Sholay haka ne, yana da masu kula da shi a Indiya, duk yankan da aka yi wa kwafinsa a hanyar zuwa Yelwa bai taɓa uwarsa ba. Namu fa? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, fim ne na gwamnati, amma an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin kayan Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. In na gwamnati ya sha da ƙyar, ina ga kaset ɗin da mai bidiyo ya ɗauka a shekarun 1990 ranar naɗin hakimi a Yelwa, ko ɗaurin aure a Ngaski, ko kokawa bayan girbi a Shanga? Zaren kaset ba ya shiri da zafi da laima, bakin tafki kuwa yana da duka biyun, sai ya yi fumfuna ya manne. Na'urar kunna shi ma ta zama abin cigiya, tunda Funai na Japan, kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a 2016. Yawancin waɗannan kaset sau ɗaya za a juya su, kuma yadda aka juya su ranar haka jikoki za su gan su.

Wannan yanki ya san darajar abin da ya rage a hoto. Da ruwa ya taru a bayan madatsa a 1968 an tashi mutane fiye da 40,000, tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da dama suka nutse, abin da ya saura na kamannin waɗancan garuruwa shi ne tunanin tsofaffi da 'yan hotunan da aka ɗauka kafin ruwa ya hau. Shanganci kansa, ɗan dangin harsunan Mande, masu jinsa sun ragu, Hausa ta shige gidaje. A tsohon bidiyon biki, ango da manyan baƙi mai ɗauka ya sa a tsakiya. Abin da mai binciken tarihi zai nema nan da shekara hamsin yana gefe ne, sama da ƙasa: ginin rumbu da jinkarsa, ɗaurin zanen mata, irin gangar da ake kaɗawa, tsohuwar da ke zaune a ƙasa tana tafi, ƙirar kwalekwalen da ke ɗaure a gaɓa. Su almakashi ke fara ci.

Gyaran ba ya buƙatar doka ko kasafin kuɗi. A manhajojin kombatin akwai wurin da ake zaɓar a bar fasali yadda yake, dannawa ɗaya ce. Mai turi ya ajiye cikakken kwafi guda a rumbunsa, mafi girman da zai iya, in abokin ciniki ya nace sai ya yanka masa daga jikinsa, amma kada ya goge uwar. Ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos su ma su riƙe wannan sharaɗi ga duk tsohon fim da za a juya. Kai kuma mai tsohon kaset a ƙasan adaka, na auren iyayenka ko na naɗin kakanka, ranar da ka kai a juya maka ka tsaya a kansa. Ka dubi faranti ko tayar keke a cikin hoton, ka ga ko a zagaye take ko ta zama ƙwai. Ka dubi huluna, ka dubi ƙafafu. In ka ga baƙi dama da hagu a sabon talabijin ka ce a bar maka shi haka, kuma kada ka yar da kaset ɗin bayan an gama.